Auna zafin walƙiya na ruwan da aka gauraya: wace na'ura ta dace, kuma me ke ɓata awon?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna haɗa wani ruwan wanke kayan inji a ƙaramar masana'antarmu. Kashi 97 cikin ɗari farin mai ne na narkar da maiƙo, wanda takardar mai sayar mana ta ce zafin walƙiyarsa digiri 62 ne. Sauran kashi 3 barasar isofurofanol ce, muna zubawa don kayan su bushe da wuri. Masu saye kan ɗumama ruwan a bahon wanki zuwa digiri 45. Yanzu an ce mu rubuta zafin walƙiya a takardar bayanan kariya. Za mu iya rubuta 62? In kuma sai an auna, akwai na'urar Cleveland mai buɗaɗɗen kofi a hannunmu. Ta isa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ku rubuta 62, kada kuma ku auna wannan ruwa da Cleveland. Duk biyun za su ba ku adadin da ya fi na gaskiya yawa, kuma a wannan aiki adadin da ya yi sama shi ne mai haɗari, domin shi ke sa mutum ya saki jiki da ruwan da zai iya kama wuta a zafin ɗaki. Duk digirin da zan ambata na ma'aunin Selshiyas ne, sai inda na faɗi wani.

Ruwa ba ya cin wuta da kansa, tururin da ke tashi daga samansa ne ke ci. Shi ma tururin sai ya kai wani adadi a cikin iska kafin wuta ta iya bi ta cikinsa. Na isofurofanol kusan kashi 2 cikin ɗari ne na iskar. Zafin walƙiya shi ne mafi ƙarancin zafin da ruwan zai kai ya fitar da wannan adadi, har in an kusanto da ɗan harshen wuta tururin ya yi wal ya mutu. In aka ƙara zafi kaɗan, sai a kai inda wutar za ta kama ta ci gaba da ci na aƙalla daƙiƙa 5, wannan shi ne zafin ci da wuta. Akwai kuma zafin da abu ke kamawa da kansa ba tare da an kawo masa wuta ba, wanda ya sha bamban da waɗannan biyun. Fetur yana walƙiya a wajen digiri 40 ƙasa da sifiri, dizal sai ya haura 50, amma dizal ya riga fetur kamawa da kansa a kan ƙarfe mai zafi. Wanda ya haɗa waɗannan alƙaluma wuri guda a takarda ya rikita mai karatu.

Abin da ya sa kashi 3 ɗin nan naku ba ƙarami ba ne: wutar gwaji ba ta san abin da ya fi yawa a cikin kofi ba, abin da ya fi yawa a saman kofi take gani. Isofurofanol tsantsa yana walƙiya a wajen digiri 12, kuma ya fi farin man saurin tashi nesa ba kusa ba. Daɗin daɗawa, barasa da mai irin wannan ba sa jituwa a tsakaninsu, don haka man yana ingiza barasar waje fiye da yadda lissafin kaso zai nuna. Akwai ma gaurayen barasa da mai da ke walƙiya a zafin da ya gaza na kowannensu shi kaɗai. A ƙiyasina, kada ku yi mamaki idan ruwanku ya faɗo ƙasa da digiri 30, har ma ya kusanci 23. Tsarin GHS na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ke rarraba sinadarai rukuni-rukuni bisa haɗarinsu, ya yarda a yi lissafi a maimakon awo, amma da sharuɗɗa: a san ainihin abin da ke cikin haɗin, a san yadda sinadaran ke tasiri a kan juna, sannan sakamakon lissafin ya ɗara iyakar rukuni da aƙalla digiri 5. Haɗinku bai cika wannan ba, don shi kansa farin man tarin sinadarai ne masu yawa.

Kafin a zaɓi na'ura, a fahimci cewa zafin walƙiya ba adadi ba ne da ke manne da ruwa kamar nauyinsa. Ya danganta da girman kofi, da murfi, da saurin ɗumamawa, da girman harshen wuta. A buɗaɗɗen kofi tururi yana tserewa tun kafin a kawo wuta, don haka sai an ƙara zafi kafin ya taru. Ko a tsantsar sinadari mai nauyi irin heksadekan, adadin da ake sa ran samu a rufaffen kofin Pensky-Martens digiri 133.9 ne, a buɗaɗɗen kofin Cleveland kuwa 138.8. A haɗin da ke da ɗan abu mai saurin tashi, tazarar takan fi haka ninkin-ba-ninkin. Tun a 1879 aka gane wannan a Birtaniya: da doka ta karɓi na'urar rufaffen kofi ta Frederick Abel, sai aka sauke iyakar man fitila daga digiri 100 na Faranhait a buɗaɗɗen kofi zuwa 73 a rufaffe, domin mai iri ɗaya ne ke ba da adadin biyu. Wannan 73 ɗin kusan digiri 23 ne na Selshiyas. Ita Cleveland, bisa ƙa'idojin gwaji masu lamba ASTM D92 da ISO 2592, an yi ta ne don mai mai nauyi irin man inji da kwalta, daga digiri 79 zuwa 400. In kun zuba ruwanku a ciki, barasar za ta ƙare a iska tun kofin bai yi zafi ba, sai ku auna farin man da ya rage ku ɗauka kun auna haɗin.

Rufaffun kofuna huɗu ne za ku ci karo da su. Pensky-Martens, wato ASTM D93 ko ISO 2719, ita ta fi yawa a ɗakunan gwaje-gwaje, amma daga digiri 40 take farawa, saboda haka ta dace da farin manku kafin a gauraya, ba ta dace da haɗin ba in ya faɗo ƙasa da 40. Tag, wato ASTM D56, ta ruwa mai tsinkewa ce wanda kaurinsa bai kai santistok 5.5 ba (ma'aunin kaurin ruwa ke nan) a digiri 40, kuma walƙiyarsa ba ta kai 93 ba. Abel, wato ISO 13736, tana sauka har digiri 30 ƙasa da sifiri, ita aka fi auna man jirgin sama da ita a ƙasashe da dama. Sai ƙaramin kofi da aka fi sani da Setaflash, wato ISO 3679 ko ASTM D3828, wanda mililita 2 kawai yake ci. Shawarata ku fara da ƙaramin kofi don gano inda adadin yake, ku tabbatar da Tag ko Abel, farin man kuma ku duba shi daban da Pensky-Martens.

Ɗibar samfur

Mafi yawan awon da ya lalace tun kafin a kunna na'ura ya lalace. Ruwan da ke da ɗan abu mai saurin tashi kamar turare yake: in aka bar kwalba a buɗe, ƙamshin sama ne ke fara tafiya. Wannan da ya tafi kuwa shi ne ainihin abin da ake nema a auna.

A ɗibi samfur a kwalbar gilashi ko gwangwanin ƙarfe mai tsabta, busasshe, mai murfin da ke kamawa sosai. A guji gorar roba, domin tururin mai yana ratsa jikin roba da yawa ya fita a hankali. A cika mazubin tsakanin kashi 85 zuwa 95 cikin ɗari. In an cika fal, ruwan zai kumbura da zafi ya tsiyaye. In an bar sarari da yawa, barasar za ta koma cikin sararin, da an buɗe murfi ta tafi. Mazubin da ya ragu ƙasa da rabi ba a dogara da abin da ya rage a cikinsa, shi ya sa ya fi kyau a cika ƙananan kwalabe uku ko huɗu, kowane gwaji da tasa, maimakon babba guda da za a riƙa buɗewa. A ɗiba bayan an gauraya tankin sosai, kada a bari ruwan ya zubo daga nesa yana kumfa, a rufe nan take, a ajiye a wuri mai sanyi nesa da rana. Kafin a buɗe a ɗakin gwaji, a sanyaya kwalbar ƙasa da zafin da ake zaton za ta yi walƙiya: aƙalla digiri 10 a Tag, aƙalla 18 a Pensky-Martens. Tunda ba ku san adadinku ba tukuna, ku ɗauka 12 ne, na barasar, ku sanyaya samfurin zuwa kusan sifiri. A gauraya ta hanyar juya kwalbar a hankali tana rufe, ba a girgiza ta da ƙarfi.

Idan akwai ɗigon ruwan sha a cikin samfurin mai, yakan ɗaga adadin, ya sa kumfa, wani lokaci tururinsa ya kashe wutar gwaji. Ƙa'idar Pensky-Martens ta yarda a tsane shi da kalshiyam kulorayid ko a tace da takardar tacewa, amma tacewa a fili tana kwashe abu mai saurin tashi, don haka a haɗi irin naku kada a yi. In ruwan shan na cikin abin da kuke sayarwa ne, to da shi za a auna.

Gwajin kansa

Ƙaramin kofi ba ya ɗumama samfur a hankali. Ana saita kofin a zafin da ake so ya tsaya cak, a zuƙo mililita 2 da sirinji a tura ta ƙofar zubawa murfi na rufe, a jira minti 1 don ruwa da tururi su daidaita, sannan a buɗe 'yar ƙofar a sauke harshen wuta mai faɗin kusan milimita 4. Ko ya yi walƙiya ko bai yi ba, an gama da wannan samfur. A zubar, a goge kofin, a sake sabo a wani zafin. Sama da digiri 100 mililita 4 ake zubawa, a jira minti 2. Ku gwada a 12, in bai yi ba ku hau da digiri biyar-biyar har ya yi, sannan ku dawo tsakanin na ƙarshe biyu ku bi da digiri ɗaya-ɗaya. Amfaninsa biyu ne: ruwan kaɗan ne, ko ya kama ba wata gobara ba ce, sannan tunda ana jira a daidaita, adadin yana kusa da abin da ke faruwa a cikin rufaffen duro.

A Tag mililita 50 ake aunawa a zuba a kofin da ke zaune cikin wankan ruwa. In ana zaton walƙiya ƙasa da digiri 13, ana haɗa ruwan wankan da gilaikol rabi da rabi don kada ya daskare in an sanyaya shi. A fasa duk kumfar da ke saman samfurin, a rufe, a kunna wutar gwaji a daidaita girmanta da na ɗan dutsen gwaji da ke kan murfin. Ga ruwan da ke walƙiya ƙasa da 60, zafi zai riƙa hawa digiri 1 a minti, a fara sauke wuta tun saura digiri 5 a kai adadin da ake zato, a maimaita duk rabin digiri. Daga 60 zuwa sama, digiri 3 a minti, a sauke duk digiri 1. Tag ba ta da maburgi, shi ya sa ba ta karɓar ruwa mai kauri ko mai yin fata a sama kamar fenti.

Pensky-Martens ce ke da ƙa'idoji da yawa, kuma ita za ku fi gani, don haka bari in tsaya a kanta. Kofin tagulla ne mai ɗaukar kusan mililita 75, da layi a ciki da ke nuna inda za a cika. Murfin yana ɗauke da ma'aunin zafi, da maburgi mai fuka-fuki biyu, ɗaya cikin ruwa ɗaya cikin tururi, da 'yar ƙofa mai juyawa wadda in an murɗa ta take buɗe ramuka ta kuma duƙar da bakin wuta cikin kofin. Hanyoyi uku ne. Hanyar A ta ruwa mai tsinkewa ce kamar dizal, kananzir da farin manku: zafi ya hau digiri 5 zuwa 6 a minti, maburgi ya juya sau 90 zuwa 120 a minti. Hanyar B ta baƙin mai, tsohon man inji, da ruwa mai kauri ko mai gari a ciki ce: zafi ya hau a hankali, kusan digiri 1 zuwa 1.5 a minti, maburgi ya juya sau 250. Hanyar C ta dizal ɗin da ake yi daga man tsirrai ce, inda ragowar mitanol kaɗan ke iya rusa adadin.

Harshen wutar ya kasance tsakanin milimita 3.2 da 4.8. Ana fara sauke shi tun saura kusan digiri 23 a kai adadin da ake zato, wato tsakanin 18 da 28. Ga mai da aka ce 62 ne, za a fara a wajen 39. Daga nan duk digiri 1 a sauke, in adadin ya wuce 110 kuma duk digiri 2. A kowace saukewa a tsayar da maburgi, a duƙar da wutar cikin rabin daƙiƙa, a bar ta daƙiƙa 1 a ƙasa, a ɗago da sauri, a ci gaba da burgawa. Idan ya yi walƙiya tun a saukewar farko, wannan ba sakamako ba ne, alama ce cewa an riga an wuce wurin. A zubar, a sanyaya kofi, a sake da sabon samfur daga ƙasa. Haka nan in walƙiyar ta zo ƙasa da digiri 18 ko sama da 28 daga saukewar farko, adadin na ƙiyasi ne, a sake da sabon samfur a gyara wurin farawa. Dalilin wannan tsauri shi ne kowace buɗewa tana sakin ɗan tururi, tana kuma ƙona kaɗan. Wanda ya fara da wuri ya yi ta buɗewa sau arba'in ya zubar da abin da yake nema. Ba a sake ɗumama samfurin da aka taɓa gwadawa, ko da ya huce.

Akwai wata ɗabi'a mai kyau: kafin a kunna zafi, a sauke wutar sau ɗaya a kan samfurin yana da sanyi. In an yi kuskuren lakabi, ko fetur ya shiga man, gara a gano a lokacin da a gano bayan kofin ya ɗauki zafi. Abin da ba a san asalinsa ba, ko wanda ake zaton yana ruɓewa da zafi kamar masu ɗauke da feroksayid, ba a zuba mililita 75 ɗinsa a kan wuta. A sa tabarau na kariya, abin kashe gobara ya kasance kusa, kwalbar samfur kuma a rufe ta a kawar da ita daga teburin kafin a kunna wuta.

Gane walƙiyar na buƙatar ido. Ta gaskiya babban harshe ne da ke bayyana ya bazu a saman ruwan baki ɗaya nan take. Kafin a kai gare ta, sau da yawa wani shuɗin zobe kan kewaye wutar gwaji ko ta ɗan ƙara girma. Wannan ba walƙiya ba ce, a ci gaba. A rage hasken ɗaki don a gani da kyau. Na'urori masu sarrafa kansu suna ganewa da na'urar jin zafi ko ta jin canjin lantarki a cikin harshen wuta, sun kuma fi hannun mutum daidaito, amma ba sa gyara samfurin da ya riga ya sha iska. Wuri guda da ido da na'ura duk ke ruɗuwa shi ne haɗin da ke da sinadarai masu kulorin, irin daikuloromitan. Tururinsu yana danne walƙiyar, sai a ga wutar gwaji ta kumbura ta canja launi amma ba ta bazu ba, a rubuta cewa ruwan ba ya walƙiya. Da mai kulorin ɗin ya bushe a wurin aiki, abin da ya rage sai ya kama da sauƙi. In ma kun taɓa tunanin zuba irin wannan don ɗaga adadin, ku bar shi.

Matsin iska da sauran abubuwan da ke karkatar da adadi

Duk adadin da za a rubuta a takarda sai an mayar da shi kan matsin iska na bakin teku, kilofaskal 101.3. A cire matsin ɗakin gwaji daga 101.3, a ninka da 0.25, a ƙara a kan abin da aka karanta, a kai shi rabin digiri mafi kusa. Wurin da ke da tudun mita 1000 matsinsa kusan kilofaskal 90 ne, gyaran ya kusa digiri 3: wanda ya karanta 58 zai rubuta 61. A karanta matsin daga ma'aunin da ke cikin ɗakin, domin wanda tashoshin yanayi da filayen jirgin sama ke sanarwa an riga an mayar da shi na bakin teku, in aka yi aiki da shi gyaran ya tashi a banza. A kuma tuna cewa gyaran na takarda ne. A can kan tudun, ruwan a 58 ɗin yake kamawa.

In kun lura, kusan duk sakaci sama yake tura adadin: kwalba a buɗe, gorar roba, samfur mai ɗumi, yawan buɗe murfi, murfin da ba ya zama daidai, iskar fanka ko ta rumfar zuƙe tururi da ke kaɗawa a kan kofin, da ɗumamawa da gaggawa har ma'aunin zafi ya riga tururin. Masu tura shi ƙasa kaɗan ne: harshen wuta da ya yi girma yana ɗumama saman ruwan, cika kofi ya wuce layi, da ragowar asiton ko toluwin da aka wanke kofin da shi ba a busar ba. Saboda haka in gwaji biyu suka saɓa kuma kofin busasshe ne, ƙaramin adadin ya fi cancantar a yarda da shi har sai an gano dalili.

Ita ma na'urar sai an gwada ta da ruwan tabbatarwa mai takardar shaida, aƙalla sau ɗaya a shekara da kuma duk lokacin da aka canja ma'aunin zafi ko abin kunna wuta. Sinadarin dekan tsantsa ya kamata ya ba da kusan 52.8 a Pensky-Martens, 50.9 a Tag. Ko da komai ya tafi daidai, hanyar tana da iyakar daidaito. A hanyar A, gwaji biyu na mutum ɗaya a na'ura ɗaya za su iya bambanta da kashi 2.9 cikin ɗari na adadin, na ɗakunan gwaji biyu kuma da kashi 7.1. A digiri 62 wannan kusan digiri 2 ne da kuma sama da 4. Ma'ana shi kansa farin manku, ba tare da barasa ba, yana tsaye ne a bakin layin digiri 60 da ke raba rukunonin haɗari, kuma wani duro na iya faɗawa ɗaya ɓangaren.

Abin da za a yi da adadin

A tsarin GHS, ruwan da ke walƙiya ƙasa da 23 yana rukuni na 1 in yana fara tafasa a digiri 35 ko ƙasa, yana na 2 in ya wuce haka. Daga 23 zuwa 60 rukuni na 3 ne, sama da 60 zuwa 93 na 4 ne, kodayake Tarayyar Turai ba ta ɗauki na huɗun ba. A dokokin sufuri na Majalisar Ɗinkin Duniya, ruwan da bai wuce 60 ba a rufaffen kofi yana aji na 3 na kaya masu haɗari, wanda ke kawo sharaɗin mazubi, lakabi da takardun mota. In adadinku ya faɗo ƙasa da 23, sai kun auna zafin fara tafasa ma, kodayake da isofurofanol da ke tafasa a wajen 82 rukuni na 2 za a sa rai. Idan ya zo tsakanin digiri 2 ko 3 da wani layi, ku maimaita da sababbin samfura daga haɗi daban-daban, ku ɗauki rukuni mafi tsauri.

Maganar bahon digiri 45 ta fi ta lakabi nauyi. Kasancewa ƙasa da zafin walƙiya da digiri ɗaya ko biyu ba kariya ba ce, domin a babban tanki, inda wuta ke iya hawa sama ta cikin tururi mai yawa, ana samun kamawa a zafin da ya ɗan gaza abin da ƙaramin kofi ya nuna. Masu tantance haɗari sukan bar tazarar digiri 5 ga tsantsar sinadari, 15 ga haɗi. Dokar kare ma'aikata ta Amurka ta ce ruwan da aka ɗumama har ya rage digiri 16.7 ya kai zafin walƙiyarsa, a bi da shi kamar na matakin da ya fi haɗari. Da farin man kaɗai, 45 a gaban 62 ya tsallake da ƙyar. Da barasa a ciki, bahon zai kasance sama da zafin walƙiya ko ba a ɗumama shi ba a rana mai zafi, kuma duk wani makunnin lantarki, hita mara kariya ko tartsatsin walda a kusa ya isa.

Akwai kuma yanayin da zafin walƙiya ba ya faɗin komai a kansa. Ruwan da aka fesa ya zama ƙananan ɗigo a iska yana kamawa can ƙasa da adadinsa, don haka in masu saye suna amfani da bindigar feshi ko iska mai matsi wajen busarwa, 62 ma ba ta cece su ba. Tsumman da ya jiƙe yana aiki kamar lagwani, ashana ɗaya ta isa ko man na da sanyi. Sararin da ke saman ruwa a cikin duro shi ma abin lura ne. A duron fetur tururin yakan yi yawa har wuta ta kasa ci a ciki, a na dizal mai sanyi ya yi kaɗan, amma ruwan da ke walƙiya tsakanin 12 da 35 yakan bar sararin daidai inda yake fashewa a zafin yau da kullum. Shi ya sa sai an haɗa duro da famfo da waya an kai ƙasa kafin a juye, saboda tartsatsin lantarkin da gogayya ke tarawa. Jirgin TWA mai lamba 800 da ya tarwatse kusa da New York a watan Yulin 1996, mutum 230 suka rasu, hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta danganta shi da fashewar tururi a tankin tsakiya. Man jirgi ne da ba ya walƙiya ƙasa da 38, amma na'urorin sanyaya iska da ke ƙarƙashin tankin sun ɗumama ɗan man da ya rage a ciki, raguwar matsin iska a sama kuma ta sauke zafin da yake buƙata.

Ruwan da ke cikin baho kuma ba ya zama yadda kuka haɗa shi. Barasar tana raguwa da amfani, adadin ya hau. Kayan injin da ake wankewa kuma suna shigo da ragowar fetur, adadin ya sauka, kuma fetur kaɗan ya isa ya sauke shi da digiri masu yawa. Yana da kyau ku karɓi samfur daga bahon da ya yi kwanaki ana aiki da shi ku auna, domin shi za a zubar ko a ɗauka a mota a matsayin shara, kuma da nasa adadin za a rarraba shi.

In burinku shi ne ku sayar da ruwan da ya haura 60, hanya mafi sauƙi ita ce a cire isofurofanol baki ɗaya, a nemi bushewa ta iska mai ɗumi ko a sauya shi da sinadarin da shi ma walƙiyarsa ta haura 60, sannan a zaɓi farin mai da ya ba layin tazara fiye da digiri 2. Rage barasar zuwa kashi 1 ba zai mayar da ku 62 ba.

A takardar sakamako a rubuta adadin bayan gyaran matsi, sunan ƙa'idar da hanyar da aka bi, cewa rufaffen kofi ne, ranar ɗiba da ranar gwaji, lambar haɗin, da duk wani abin da aka kauce wa ƙa'ida a kansa. A sashe na 9 na takardar bayanan kariya adadin yake shiga, rukuninsa a sashe na 2, bayanin sufuri a na 14, kuma dole ukun su yi magana ɗaya. A sake aunawa duk lokacin da aka canja mai sayar da farin man, ko aka taɓa kason haɗin, ko aka yi amfani da tankin haɗawa wajen wani abu daban kafin naku.